Ninkaya: Atisayen da ke gyara salon firistayil ga mai saurin gajiya a ruwa

A ranar 19 ga Satumban 2000, mutum uku ne suka hau dakalin tashi a zagayen farko na tseren ninkaya na mita 100, a gasar Olamfik ta birnin Sidni da ke Ostireliya. Akwai Karim Bare na Jamhuriyar Nijar, da Farkhod Oripov na Tajikistan, da kuma Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini.

Biyun farko sun yi riga-malam-masallaci, suka faɗa ruwa kafin a ba da alamar tashi, nan take aka soke su. Moussambani ya rage shi kaɗai a tafki mai tsawon mita 50, irin wanda bai taɓa shiga ba kafin zuwansa Sidni.

Matashi ne mai shekara 22, jikinsa a murɗe, amma watanni kaɗan ke nan da ya fara atisaye a ƙaramin tafkin wani otal a Malabo. Ya tafi da ƙarfinsa. A hanyar dawowa sai ƙarfin ya ƙare: kai a sama, ƙafafu na nutsewa, hannuwa na dukan ruwa. Da kyar ya taɓa bango a minti 1 da daƙiƙa 52.72. Pieter van den Hoogenband na ƙasar Holan, wanda ya lashe zinare a tseren, ya gama nasa a daƙiƙa 48.30.

Bayan shekara huɗu, Moussambani ya sauko da lokacinsa zuwa ƙasa da daƙiƙa 57, kuma a 2012 aka naɗa shi kocin tawagar ninkaya ta ƙasarsa.

Abin da ya same shi a Sidni shi ke samun dubban masu koyo a kullum. Mutum na iya buga ƙwallo na minti 90, amma ya kasa yin mita 50 a ruwa ba tare da haki ba. Mafi yawan lokaci ba rashin ƙarfi ne ke jawo hakan ba, salo ne, kuma akwai atisayen da masu horarwa ke amfani da su wajen gyara shi gaɓa bayan gaɓa.

Mene ne firistayil?

A dokar hukumar wasannin ruwa ta duniya, World Aquatics, wadda a da ake kira FINA, tseren firistayil na nufin kowa ya yi salon da ya ga dama. Sai dai tunda salon rub-da-ciki, wanda ake jefa hannu ɗaya bayan ɗaya ƙafafu na kaɗawa sama da ƙasa, shi ya fi sauri, kowa shi yake yi, har sunan ya zama nasa.

A 1844 wasu mutum biyu ƴan ƙabilar Ojibwe daga Arewacin Amurka sun nuna irin wannan iyo a Landan. Turawan Ingila na lokacin sun ga fantsamar ruwan ta yi yawa, suka ci gaba da iyonsu na kwaɗo. Sai a wajajen 1900 salon ya bazu daga Ostireliya, ta hannun Alick Wickham ɗan Tsibiran Solomon da iyalin Cavill.

A 1922 Johnny Weissmuller na Amurka ya zama mutum na farko da ya yi mita 100 a ƙasa da minti ɗaya. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Pan Zhanle na Chana ya yi ta a daƙiƙa 46.40.

Ruwa ba ya son gardama

Idan aka lissafa wancan gudu na Pan Zhanle, bai kai kilomita 8 a awa ɗaya ba. A kan tudu, mai sassarfa ma zai iya yin hakan. Dalili shi ne ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma idan ka ninka saurinka sau biyu, turjiyar da ruwa zai yi maka na ƙaruwa kusan sau huɗu.

Saboda haka hanya biyu ce ta ƙara sauri. Ko dai ka ƙara ƙarfin da kake tura ruwa da shi, ko ka rage turjiyar da jikinka ke haddasawa. Ga mai koyo, ta biyun ta fi sauƙi kuma ta fi riba. Duba kwalekwale siriri da faffaɗan katako a kan kogi: da tuƙi iri ɗaya, kwalekwalen zai yi wa katakon fintinkau.

James Counsilman, kocin Jami'ar Indiana ta Amurka wanda ya horar da Mark Spitz, na cikin waɗanda suka fara ɗaukar hoton masu ninkaya daga ƙarƙashin ruwa domin ganin ainihin abin da hannu da jiki ke yi. Littafinsa na 1968, The Science of Swimming, ya sauya yadda ake koyar da wasan.

Shi ma Alexander Popov na Rasha, wanda ya lashe zinare a mita 50 da mita 100 a Olamfik ta 1992, ya sake lashe su a 1996, an san shi da shafe sa'o'i yana iyo a hankali a ƙarƙashin kocinsa Gennadi Touretski, yana goge kowane motsi. Wanda ya fi kowa sauri a zamaninsa, da tafiyar sannu ya gina saurin.

Amfanin atisaye ke nan. Yayin cikakken iyo, numfashi da hannu da ƙafa da ƙugu duk suna aiki lokaci guda, ƙwaƙwalwa ba za ta iya lura da su baki ɗaya ba. Atisaye na ware abu ɗaya, ka maimaita shi a nitse har jiki ya haddace.

1. Fara da numfashi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne riƙe numfashi yayin da fuska ke cikin ruwa. Idan mutum ya ɗago, sai ya so ya fitar da tsohuwar iska ya kuma shaƙi sabuwa a cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Lokacin ba ya isa. Iskar kabon da jiki ke son fitarwa sai ta taru, ita ce ke sa ka ji kamar ana shaƙe ka, har tsoro ya shigo.

Tsaya a inda ruwa ya kai maka ƙirji. Shaƙi iska ta baki, ka tsoma fuska, ka riƙa fitar da ita a hankali ta hanci ko ta baki har ka ga kumfa na tashi ba yankewa. Ɗago, shaƙa, koma. Yi sau 10 zuwa 15 a jere ba tare da tsayawa goge fuska ba.

Daga nan riƙe bakin tafki da hannu ɗaya, ka kwanta rub-da-ciki kana kaɗa ƙafa, ka riƙa juya kai gefe maimakon ɗaga shi. Alamar ka yi daidai ita ce ido ɗaya ya rage cikin ruwa, ɗaya a waje. Idan kana tafiya, kanka na tsaga ruwa ya bar ɗan kwari kusa da kumatu, a nan bakinka zai sami iska.

Idan wannan ya zauna, gwada shaƙar iska bayan kowane jan hannu uku, wato sau ɗaya dama, sau ɗaya hagu. Yana hana jiki karkata gefe guda.

2. Koyi kwanciya a kan ruwa

Huhun mutum kamar gora yake, yana ɗaga ƙirji sama. Ƙafafu kuwa ƙashi ne da tsoka, nutsewa suke so su yi. Jiki a ruwa tamkar sikeli ne: kai na da nauyin kusan kilo 5, da zarar ka ɗaga shi don kallon gaba, ƙugu da ƙafafu za su yi ƙasa. Daga nan ka zama mai jan jikinsa a karkace, kana ture ruwa da ciki da cinyoyi.

Tokari bango da ƙafa biyu ka sulala, hannuwa a miƙe gaba ɗaya bisa ɗaya, kai a tsakanin damatsa, ido na kallon ƙasan tafki. Kada ka kaɗa komai. Ɗan danna ƙirji cikin ruwa, za ka ji ƙugu ya taso. Lura da inda ka tsaya, ka sake, ka yi ƙoƙarin wuce wurin.

Idan kana kwance daidai, ƙeya da ƙugu da dugadugai duk suna dab da saman ruwa.

3. Kaɗa ƙafa a kan gefe

Duk da sunansa, salon rub-da-ciki ba a kwance ɗam ake yin sa ba. Jiki na mirginawa dama da hagu tare da kowane jan hannu. Mirginawar ce ke ƙara wa hannu tsawo, ta shigo da manyan tsokokin baya cikin aikin, ta kuma sauƙaƙa shaƙar iska.

Kwanta a gefen dama, hannun dama a miƙe gaba ɗan ƙasa da saman ruwa, na hagu a kan cinya. Kafaɗar hagu ta fito waje, fuska na kallon ƙasa. Kaɗa ƙafa a hankali har ƙarshen tafki, kana juya kai don numfashi idan ka buƙata. Dawo a gefen hagu.

Mataki na gaba shi ne wanda masu horarwa ke kira shida-ɗaya-shida. Kaɗa ƙafa sau shida a gefe guda, ka yi jan hannu ɗaya da zai mirgina ka zuwa ɗaya gefen, ka sake kaɗawa sau shida. Bari ƙugu da kafaɗa su juya tare, kamar an ɗaure su a jikin sanda ɗaya. Idan ka saba, rage zuwa uku-ɗaya-uku, daga nan cikakken iyo ya kusa.

4. Ƙafa: ƙanƙanin motsi daga ƙugu

Mafi yawan ƙarfin tafiya a firistayil daga hannu yake zuwa. Babban aikin ƙafa ga mai koyo shi ne riƙe jiki a miƙe. Amma da yake tsokokin cinya manya ne, suna cin iska sosai, wanda ke bugun ruwa da ƙafa kamar ana kora shi zai gaji tun bai je ko'ina ba.

Kuskure biyu ne suka fi yawa: tanƙwara gwiwa kamar mai tuƙa keke, da ƙame idon sawu. Na biyun ya fi damun ƴan ƙwallo da masu gudu. Ƙafar da ta tsaya a ƙame kamar fartanya tana iya ja da mutum baya.

Kwanta rigingine, hannuwa a gefe, ka kaɗa ƙafa. Idan gwiwoyinka na fasa saman ruwa, kana tuƙa keke ne. Yatsun ƙafa kaɗai ya kamata su riƙa tayar da ɗan kumfa. Motsin ya taso daga ƙugu, ƙafa a sake, yatsu na nuna baya.

Masu tseren gajeren zango na kaɗa ƙafa sau shida a kowane zagayen hannu biyu, da yawa daga masu dogon zango kuwa sau biyu kacal suke yi don adana ƙarfi.

5. Kama ruwa da dunƙulen hannu

Wannan shi ne wurin da gwani ke barin ɗan koyo. Ɗan koyo na danna ruwa ƙasa da miƙaƙƙen hannu, abin da ke ɗaga ƙirjinsa ya nutsar da ƙafafunsa. Ko kuma ya bar gwiwar hannu ta faɗi ta riga tafin hannu tafiya baya, sai hannun ya zame cikin ruwa bai riƙe komai ba.

Gwani kuwa, bayan ya miƙa hannu gaba, yakan bar gwiwar hannu a sama, ya sunkuyar da yatsu ƙasa, ta yadda daga tafin hannu har gwiwar hannu za su zama filafili guda mai fuskantar baya. Tuna yadda kake ɗora hannu a kan katanga ka ja jikinka ka haura. Haka ake dafa ruwa, jiki ya wuce.

Don jin wannan a jikinka, dunƙule hannu biyu ka yi iyon mita 25. Da farko za ka ji kamar ba ka tafiya. Tunda babu tafin hannu, dole sauran hannun ya nemi ruwan da zai riƙe. Buɗe hannu a mita 25 na gaba, za ka ji ruwan ya yi kauri a tafinka.

Wani atisayen shi ne shafar ruwa. Kwanta rub-da-ciki, hannuwa a gaba, ka riƙa kai tafin hannu ciki da waje a ɗan karkace, kamar mai baje hatsi a tabarma. Ba a sauri a nan, ana neman hannu ya san nauyin ruwa ne.

6. Hannu ɗaya, da jiran hannu

Yi mita 25 da hannun dama kaɗai, na hagu a miƙe gaba, sannan ka sauya. Da yake hannu ɗaya ne ke aiki, za ka iya bin sa da ido daga shigarsa ruwa har ya kai cinya. Kusan kowa na gano cewa hannunsa ɗaya ya fi ɗaya rauni.

A atisayen jiran hannu kuwa, hannu ɗaya na zama a miƙe gaba har sai ɗayan ya zagayo ya cim masa, sannan shi ma ya ja. Yana maganin masu juya hannu kamar fanka, waɗanda ke fara ja tun kafin su gama miƙewa.

A kula da inda hannu ke shiga ruwa. Ya shiga daidai saitin kafaɗa, yatsu a gaba. Hannun da ke tsallaka tsakiyar kai zuwa ɗaya ɓangaren na sa jiki tafiyar maciji, kuma shi da shigar da babban yatsa farko na cikin abubuwan da ake alaƙantawa da ciwon kafaɗa ga masu ninkaya. Saboda haka a jiran hannu ba sai tafukan sun haɗu ba, su tsaya kafaɗa da kafaɗa kamar layin dogo.

7. Jan yatsu a saman ruwa

Lokacin da hannu ya fito daga ruwa zai koma gaba, lokacin hutunsa ne. Masu koyo da yawa na wurga shi a ƙame, su maka shi a kan ruwa.

Yayin mayar da hannu gaba, bari gwiwar hannu ta jagoranta, kan yatsu na jan layi a saman ruwa kusa da jiki. Idan ka kasa, yawanci alama ce ba ka mirgina sosai ba, sai ka koma atisaye na uku.

Yadda za ka san kana ci gaba

Ƙirga jan hannunka a kowane tsawon tafki. Idan yau kana buƙatar 28 a mita 25, bayan makonni ka sauko 22 a lokaci iri ɗaya, salonka ya gyaru.

Masu horarwa kan haɗa adadin jan hannu da daƙiƙoƙin da aka ɗauka. Misali, jan hannu 25 a daƙiƙa 30 ya ba da 55. Burinka shi ne wannan jimla ta riƙa raguwa. Agogunan motsa jiki na zamani na nuna ta da sunan SWOLF.

Amfanin haɗa su biyun shi ne kada mutum ya yaudari kansa. Wasu kan tsawaita sulalawa don adadin ya ragu, su tsaya cak tsakanin jan hannu da jan hannu, sai ruwa ya cinye saurinsu. Tsawon jiki ma na tasiri, don haka kada gajere ya auna kansa da adadin dogo.

Wayar da ke hannunka ma koci ce. Ka sa abokinka ya ɗauke ka bidiyo daga gefe da kuma daga gaba, bayan ka nemi izinin masu wurin, ba tare da ɗaukar wasu ba. Abin da mutum ke zaton yana yi a ruwa da abin da yake yi a zahiri sukan yi hannun riga.

Tsarin atisayen minti 40

Ga misali ga wanda ke iya yin mita 50 ba tsayawa, a tafkin mita 25:

Ɗumama jiki da iyo a hankali, mita 150, kana hutawa yadda ka so.

Mita 50 sau shida: zuwa da atisaye, dawowa da cikakken iyo, hutun daƙiƙa 20 zuwa 30 a tsakani.

Mita 50 sau huɗu da atisaye na biyu, a kan wannan tsari.

Mita 25 sau takwas na cikakken iyo, kana ƙirga jan hannu.

Rufe da mita 100 a sake.

Zuwa da atisaye da dawowa da iyo shi ne ƙashin bayan tsarin. Atisayen da ba a mayar da shi cikin cikakken iyo nan take ba, mutum zai ƙware ne a atisayen kawai.

Zaɓi abu biyu a rana, kada ka kwashi bakwai ɗin gaba ɗaya. Bi su a jere, domin wanda numfashinsa bai zauna ba ba zai iya lura da gwiwar hannu ba. Gajeren atisaye sau uku a mako ya fi dogo sau ɗaya. Idan gajiya ta fara ɓata salon, tsaya ka huta, domin jiki na haddace kuskure kamar yadda yake haddace daidai.

Cikin kayan aiki, tabarau na ruwa ne kaɗai ya zama dole, don wanda ba ya gani ba ya sakin jiki. Takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa na taimakawa a atisayen gefe, amma a riƙa cire su don kada a dogara da su.

Tafki daban, kogi daban

Waɗanda suka tashi a bakin ruwa, kamar Sarkawa da Kabawan da ke nuna bajintar iyo da nutso a bikin kamun kifi na Argungu, sukan yi iyo kai a sama. Suna da hujja: a kogi dole ka ga inda za ka, ka lura da igiyar ruwa da jirage. Masu tseren teku ma kan ɗan ɗaga ido lokaci zuwa lokaci su duba hanya. Atisayen da aka lissafa a nan na ruwa ne mai tsabta, marar gudu, wanda aka san zurfinsa.

Kududdufai da madatsun ruwa ba wuraren gwaji ba ne. Ban da ramuka da laka, ruwan da ke kwance na iya ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ne abin ya fi ƙamari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yulin kowace shekara a matsayin ranar yaƙi da nutsewa.

Don haka kada ka yi atisaye kai kaɗai, ko da ka iya. Kada a bar yara a bakin ruwa ba babba a kusa da su. A guji gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, musamman bayan jan iska da sauri sau da yawa, domin mutum na iya suma ba tare da wata alama ba, kuma hakan ya sha hallaka ƙwararru.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Wanda ya koyi fitar da iska a nitse, ya koyi kwanciya a kan ruwa ba tare da kokawa ba, ya sami abin da zai ƙara masa sauri a tafki, kuma shi ne abin da zai buƙata ranar da ya tsinci kansa a ruwan da bai shirya shiga ba.